Daga darar Dogon Dutsi zuwa teburin Dungeons & Dragons: wa ke raba gardama idan dokar wasa ta yi shiru?

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, zaman gindin itace ya dawo ke nan a ƙasar Arewa. A Dogon Dutsi ko Matankari ko Tibiri, duk wanda ya saba ratsa unguwa da la'asar ya san wannan hoton: mutum biyu a durƙushe gaban gurabe 30 da suka tona a rairayi, ɗaya da tsakuwa 12, ɗaya da tsinke 12, 'yan kallo sun yi musu rumfa. Dara ake yi. Za ka ji tsit na tsawon lokaci, can sai wani ya tura ɗansa gurbi ɗaya, ya miƙa hannu zai ɗauke na abokin karawarsa, shi kuwa ya riƙe hannun ya ce wannan ba ci ba ne. Shi ke nan wasa ya tsaya, kowa a wurin ya zama alƙali.

Ɗan Arewan da karatu ko neman abinci ya kai Faransa ko Kanada ko Amurka, in abokai suka gayyace shi wasan tebur irin su Dungeons & Dragons, zai tarar da wannan gardamar tana jiran sa a can. Littafin dokokin wasan ya haura shafi 300, amma da an kai wurin faɗa sai a ji wani ya ce doka ta ba shi dama, wani ya ce ba haka take nufi ba. Abin ya kai kamfanin da ke buga wasan sai da ya riƙa fitar da hukunce-hukunce daban don raba irin wannan gardama.

Tambayar iri ɗaya ce a rairayi da kan tebur: idan an zo wurin kai hari, doka kuma ta yi shiru ko ta yi harshen damo, maganar wa za a bi?

Inda dara ke cijewa

Sunan dara ya haɗa wasa fiye da ɗaya a bakin Bahaushe, har da wadda ake zuba 'ya'ya gida-gida. Wadda ake magana a nan ita ce ta jeri, wadda Zabarmawa ke kira dili, ake kuma yin ta a Burkina Faso da ƙasar Dakarkari ta Zuru a jihar Kebbi. Layi 5 ne, kowane da gurbi 6. Da farko 'yan wasa na dasa 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya har 24 su ƙare, a bar gurbi 6 babu kowa. Daga nan a shiga tafiya: taku ɗaya gaba, baya ko gefe, ba a yin karkace. Wanda ya jera uku a layi ya ɗauke ɗan abokinsa guda. Wanda 'ya'yansa suka kasa kai uku, an cinye shi.

Wannan kowa ya yarda da shi. Rigimar tana cikin abin da ya rage. Idan taku ɗaya ya jera huɗu maimakon uku fa? Wasu sun ce haramun ne ma a yi takun, wasu sun ce a yi, amma ba ya ci. Idan taku ɗaya ya haɗa jeri biyu lokaci guda, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ɗa ɗaya za a ɗauke ko biyu? Ɗan da ke zaune cikin jerin uku, yana da kariya ko ana iya cire shi? Wanda ya jera uku tun lokacin dasawa, laifi ya yi ko dai kawai jerin ba ya ci?

Kowace amsa tana sauya dabarar wasan gaba ɗaya. Inda jerin uku ke da kariya, mai hankali yakan ɓoye 'ya'yansa masu muhimmanci a ciki. Inda babu kariya, jerin da ka gina yanzun nan shi za a fara rusawa. Shi ya sa gwanin wani gari kan sha kaye a hannun yaro a wani gari, ya tashi yana rantsuwa an yi masa maguɗi, alhali ba wanda ya cuce shi. Doka biyu ce ta haɗu a gurabe ɗaya, dara ta ci gida.

A gindin itace akwai hanyar da aka saba bi. Ana juyawa ga wanda ya fi kowa daɗewa a wasan, ya faɗi yadda ake yi a nan, a ci gaba. Baƙo kuma yakan bi dokar masu gari. Babu takarda, amma akwai mutumin da kowa ya yarda da shi.

Ranar da agogo ya shigo filin kokowa

Mutanen Arewa sun ga abin da ke faruwa idan aka ɗauki wasan gargajiya aka rubuta masa doka. Kokowar ƙauye ta bayan girbi ba ta san agogo ba: kiɗa ne, da kirari, da dattawan da ke kallo su ce an kayar ko ba a kayar ba. Tun da aka soma gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, dole ta sa aka tsara doka ɗaya da za ta hau kan kowa. A yau jihohi 8 na Nijar kowace na kawo 'yan kokowa 10, su 80 ke nan suna neman takobi ɗaya. Jihar Doso ba baƙuwa ba ce a wannan fage: filin kokowar birnin Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, kuma Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauko wa jihar takobinsa na 6 a gasar Agadas ta ƙarshen 2023.

Rubutacciyar doka ta kawo lokaci ƙayyadadde, da alƙalin tsakiya, da gargaɗi ga wanda ke gudun kamu. Amma ba ta kashe gardama ba, wuri kawai ta sauya mata. Wanda bayansa ya sha ƙasa ba mai musu a kansa. Wanda gwiwarsa ta gogi rairayi cikin ƙiftawar ido fa, ko waɗanda suka zube tare, ko wanda ya yi nasara saboda gargaɗin da aka yi wa abokin karawarsa ba tare da ya kayar da kowa ba? Duk wanda ya taɓa sauraron kokowa a rediyo cikin fada ya san waɗannan su ke hana shayi shiga. Doka na iya cewa a gargaɗi mai gudun kamu, amma mutum ne zai duba ya ce wannan gudu ne, wancan kuwa dabara ce.

Wane irin wasa ne wannan na tebur?

Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a shekarar 1974, aikin Gary Gygax da Dave Arneson. Kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, bugu na biyar ya fito a 2014, aka sake yi masa kwaskwarima a 2024. Matasa da yawa sun fara jin sunansa a fim ɗin Stranger Things na Netflix, ko ta wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da ya fito a 2023, wanda aka gina a kan dokokinsa.

Wasan kamar tatsuniya ce da masu sauraro ke da hannu a ciki. Mutum ɗaya shi ne jagora: shi ke ba da labari, shi ke magana da bakin abokan gaba, shi ne kuma alƙali. Sauran kowa ya shiga rigar jarumi ɗaya, da takardar da ke nuna ƙarfinsa da zafin namansa da makamansa. Ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, in akwai shakkar ko zai yiwu sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20. A tsarin wasan ba a zuba kuɗi, ƙwayar tana raba nasara da faɗuwa ne kawai a cikin labarin.

Idan faɗa ya tashi sai doka ta ƙara tsauri. Kowa ya jefa ƙwaya don a san wanda zai fara. Kowane zagaye daƙiƙa 6 ne a cikin labarin, ko da ya ɗauki minti goma a kan tebur. Idan layi ya zo kanka kana da tafiya, wadda ga yawancin jarumai kimanin mita 9 ce, da babban aiki ɗaya kamar sara ko harbi ko ɓuya. Akwai ƙaramin aiki na ƙari, amma sai in wata baiwa ta jaruminka ta ba ka shi. Akwai kuma martani ɗaya, wanda za ka iya yi ko da layin wani ne. Kusan duk gardamar da ake yi a kan waɗannan huɗun take: wanne ne wanne, kuma wanne ke riga wanne.

Daƙiƙa 6 a Lugu

Don a gane, mu kawo misalin gida. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya, a yankin Ɗankasari na yanzu. Mutanen Lugu da kwari da baka suka tari masu bindiga. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. A ce abokai huɗu a wata fada ta Yamai sun ɗauki wannan rana sun gina wasansu a kai, ɗaya jagora, uku mayaƙan Lugu.

Na farko maharbi ne, ya laɓe bayan dutse. Ya ce ba zai yi harbi yanzu ba, zai ja baka ya jira, in sojan can ya yi harbi shi ma ya saki kibiya. Doka ta yarda da jira: ka faɗi abin da kake jira, in ya faru ka yi amfani da martaninka. Sai dai martanin yana zuwa ne bayan abin da aka jira ya gama faruwa. Ke nan harsashi zai riga kibiya, in ya sami maharbin ƙila ma ba zai kai ga harbin ba. Ɗan wasan zai ce ai nufinsa da zarar sojan ya ɗaga bindiga. Kalma ɗaya ce tsakanin ran jaruminsa da mutuwarsa. Jagora zai bi abin da bakinsa ya faɗa, ko abin da kowa a wurin ya san yana nufi?

Na biyu kibiyoyinsa sun ƙare, ya ce zai ɗebi rairayi ya watsa wa sojan a ido. Babu wannan a jerin ayyukan da littafin ya lissafa. Abin da littafin ya yi shi ne ya miƙa wa jagora wuƙa da nama: shi zai ce ko zai yiwu, da irin jifan ƙwayar da za a yi. In ya sassauta har rairayi ya makantar da mutum zagaye uku, gobe ba mai sake ɗaukar takobi, kowa rairayi zai riƙa watsawa. In ya tsananta ya ce babu shi a littafi, ya koya wa abokansa cewa tunani ba ya biya a teburinsa.

Na uku ɗan kokowa ne, ya rungumi soja ya maka shi da ƙasa, ya ɗaga hannu yana jiran guɗa. A nan ne ɗan Arewa zai sha mamaki. A wannan wasan kaye ba ya gama faɗa. Wanda aka kayar, in ba a riƙe da shi ba, rabin tafiyarsa kawai zai kashe ya miƙe, ya ci gaba da faɗa a wannan layin. Ɗan wasan ya zo da dokar filin Doso a kansa, teburin kuwa da tasa.

Garkuwar da ta raba kan 'yan wasa

Ko waɗanda suka rubuta dokar ba su tsira ba. A bugun 2014 akwai wata baiwa ta gwanin garkuwa, wadda ke ba mayaƙi damar bangaje abokin gaba da garkuwa a matsayin ƙaramin aiki, muddin ya zaɓi kai hari a wannan layin. Sai tambaya ta taso: bangaza kafin sara, ko bayansa? Bambancin babba ne, domin wanda aka riga aka kayar ya fi sauƙin sara. In bangaza na iya zuwa da farko, baiwar ta zama mai tsada. In sai bayan an gama sara, rabin amfaninta ga mai ita ya tafi.

Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara dokokin bugu na biyar kuma ya daɗe yana amsa tambayoyin 'yan wasa, da farko ya ce ana iya bangaza kafin sara. Bayan 'yan shekaru ya janye, ya ce sai bayan harin. Waɗanda suka gina jarumansu a kan amsar farko suka wayi gari an sauya musu doka. A bugun 2024 aka sake rubuta baiwar ta yadda bangazar ke biyo bayan saran da ya samu.

Kundin hukunce-hukuncen da kamfanin ya riƙa fitarwa, mai suna Sage Advice, ya bambanta fuska uku na karanta doka: abin da aka rubuta, abin da marubutan suka nufa, da abin da zai sa wasa ya yi daɗi. Ya kuma bar hukuncin ƙarshe a hannun jagoran kowane tebur. Wani kamfanin, Paizo, ya bi wata hanya a bugu na biyu na wasansa Pathfinder a 2019: ya ba kowa aiki uku a kowane layi, ya kashe su yadda ya ga dama, da martani ɗaya. Wannan ya rage gardamar babban aiki da ƙarami, amma bai sallami alƙali ba.

Alƙali ya riga littafi

Wannan ja-in-ja ta girmi Dungeons & Dragons da shekara 150. A 1824 wani hafsan sojan Prussia, a Jamus ta yanzu, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan soja wasan yaƙi a kan taswira don horar da hafsoshi, da ƙwayar jifa da alƙali a tsakiya. Sannu a hankali dokoki da jadawalin lissafi suka yi yawa har wasa ya fi yaƙin da yake kwaikwayo jinkiri. A 1876 wani hafsan, Julius von Verdy du Vernois, ya ba da shawarar a ajiye yawancin jadawalin, a bar gogaggen hafsa ya yanke hukunci da saninsa. Wasa ya yi sauri, sai dai komai ya rataya a wuyan alƙalin: in ya iya, an more, in yana da son kai, an banu. Daga zuriyar waɗannan wasannin yaƙi Gygax da Arneson suka fito, kujerar jagora kuma gadon wancan alƙalin ce.

Wato Turai ta gwada doka mai yawa, ta gwada alƙali mai cikakken iko, ta dawo ta haɗa su biyu. Tsohon da ake juyawa gare shi a darar Matankari wannan kujerar yake kai, ko da bai taɓa jin labarin Prussia ba.

Abin da za a iya rasawa

Dara ta daɗe da shiga littattafan Turawa. R. C. Bell ya kawo ta cikin littafinsa na wasannin allo na duniya da ya fito a 1960, a matsayin wasan Dakarkari, kuma yau ana samun dokokinta a intanet. Abin farin ciki ne, amma da sauran magana. Mai rubuta littafi ko manhajar waya dole ya zaɓi amsa ɗaya ga kowace tambaya: jerin huɗu ya halatta ko bai halatta ba, ɗan cikin jeri na da kariya ko babu. Manhaja ba ta gardama, takun da ba ta yarda da shi ba kawai ba zai yiwu ba. Yaron da aka haifa a Yamai ko Liyon, ya koyi dara a waya, zai zo hutu Tibiri ya gaya wa kakansa cewa ba haka ake yi ba, hujjarsa kuwa allon waya. In aka yi sake, dokar gari guda za ta zama ita ce dara, sauran su koma kuskure.

Maganin yana hannun matasan da ke karanta wannan. Duk mai waya zai iya zama da tsofaffin garinsu, ya yi musu tambayoyin nan huɗu, ya rubuta amsar tare da sunan garin. Masu wasan tebur sun daɗe da ba irin wannan suna, dokar gida suke ce mata, ba kuma mai jin kunyarta.

Ga wanda kuma zai zauna a kujerar alƙali, a rairayi ko a tebur, abin da gogaggu ke yi ba boyayye ba ne. Ana daidaita dokokin da aka san suna kawo rigima tun kafin a dasa ɗan farko ko a jefa ƙwayar farko, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Masu wasan tebur har zama na musamman suke warewa don wannan kafin labari ya soma. Idan sabuwar matsala ta ɓullo a tsakiyar faɗa, jagora ya yanke nan take, wasa ya ci gaba, a buɗe littafi bayan an tashi. Hukuncin da aka yanke kuma ya hau kan kowa: in rairayi na makantar da sojan Voulet, gobe sojan ma zai iya watsa shi a idon maharbin Lugu. Mai neman kafa a doka don ya ci yau, a tuna masa cewa in zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere.

Ɗan wasa na iya haƙura da hukuncin da bai yi masa daɗi ba in ya san jiya haka aka yanke wa abokinsa. Abin da ke tarwatsa fada shi ne a ce jerin huɗu bai ci ba a hannunka, bayan sallar magariba kuma ya ci a hannun ƙanin alƙali.